Tarihin Sansanin Yara na Bakin Tafkin Pleasant

Cikin shekarar 1993 wani ɗan jarida Ba'amurke, John Wallach, ya kafa sansanin Seeds of Peace, watau Irin Zaman Lafiya, a bakin Tafkin Pleasant, cikin Jihar Maine. Da fari yara 46 aka tara lokacin hutu, 'yan Isra'ila da Falasɗinawa da Misirawa. Nufinsa 'ya'yan abokan gaba su kwana ɗaki guda, su ci tare, su faɗa wa juna abin da ke ransu, gama icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. A watan Satumba yaran suka halarci sa hannu kan yarjejeniyar Oslo a Washinton. Yarjejeniyar ba ta kawo sulhu mai ɗorewa ba, Wallach kuwa ya rasu cikin 2002, amma aikin ya ci gaba bayansa.