Jinya a gida bayan an cire wa mutum ƙoda

Mutum na iya rayuwa lafiya lau da ƙoda ɗaya. Idan likita ya cire guda saboda ciwon daji, mummunan rauni ko don ta daina aiki, wadda ta rage takan ƙara girma ta ɗauki mafi yawan aikin. Amma tunda ba ta da mataimakiya, dole a kiyaye ta.

Makonni shida na farko

Wanda aka yi wa fiɗa ta ƙananan huji da kyamara yakan koma gida bayan kwana 2 zuwa 3. Wanda aka yi wa babban yanka yakan kai mako guda a asibiti. Gajiya da ciwo a gefen ciki ba abin tsoro ba ne. A riƙa ɗan tattaki kullum a tsakar gida, don yawan kwanciya na sa jini ya daskare a jijiyar ƙafa. Kada a ɗaga abin da ya wuce kilo 5 har mako shida: ba ɗaukar jarkar ruwa, ba daka, ba noma. Hawan kabu-kabu ma a jinkirta shi. Wurin ɗinki ya kasance a tsabtace kuma a bushe, kada a shafa masa toka ko wani garin magani.

Ci da sha

A lokacin zafin Afrilu da Mayu, zufa kaɗai na iya ƙarar da ruwan jiki. A sha ruwa akai-akai har fitsari ya yi haske, sai in likita ya ƙayyade. A rage gishiri da dunƙulen magi. Ganye da ƴaƴan itace na maganin taurin bayan gida, wanda ya zama ruwan dare bayan fiɗa. Maganar azumi kuwa, a tambayi likita tukuna.

Hattara da magunguna

Ibuprofen da diclofenac, waɗanda masu talla ke sayarwa a bakin titi don ciwon jiki, suna iya lalata ƙodar da ta rage. A tsaya ga abin da likita ya rubuta. Jiƙe-jiƙen gargajiya ma a guje su, domin ba a san ƙarfinsu ba. Duk asibitin da aka je nan gaba, a faɗa cewa ƙoda ɗaya ce.

Yaushe za a koma asibiti da gaggawa?

Idan zafin jiki ya haura digiri 38, ko ɗinki ya kumbura yana fitar da mugunya. Idan fitsari ya ragu ƙwarai ko ya fito da jini. Idan amai ya ƙi tsayawa, ƙafa ɗaya ta kumbura, ko numfashi ya yi wuya. Kada a ce shawara ce ko masassara a zauna gida.

Bayan an warke, a riƙa auna hawan jini, a yi gwajin jini da na fitsari aƙalla sau ɗaya a shekara. Ciwon ƙoda yakan daɗe yana ɓarna kafin mai shi ya ji komai.