Daga Wasiƙun Waziri Zuwa WhatsApp: Makullin Yana Hannun Wa?

Da sojojin Ingila suka ci Sakkwato a watan Maris na 1903, cikin abin da ya faɗa hannunsu har da tarin wasiƙun Larabci a gidan Waziri Buhari, waɗanda sarakunan daula suka riƙa aikowa game da matsowar Nasara. Wani jami'in mulkin mallaka, H. F. Backwell, ya fassara su, aka buga a 1927. A wancan zamani sirrin wasiƙa bai wuce amanar manzo da hatimin mai ita ba. Wanda ya kama takarda ya kama zance.

Zuwan tarho bai sauya wannan lissafi ba. A 1986 Janar Babangida ya rushe hukumar tsaro ta NSO, ya raba ta uku, kuma wanda ya fara shugabantar SSS shi ne Alhaji Isma'ila Gwarzo, mutumin yammacin Kano. Layukan waya a lokacin duk na NITEL ne, kamfanin gwamnati. Hukuma ba ta da wanda za ta roƙa makulli, tunda ɗakin ma nata ne. Sashe na 37 na tsarin mulkin 1999 ya kare sirrin wasiƙu da hirar tarho, amma sashe na 45 ya bar ƙofa a buɗe saboda tsaro da zaman lafiya.

Wayar salula ta iso a 2001, layuka suka koma hannun 'yan kasuwa. Babban juyin kuwa ya zo a watan Afrilun 2016, sa'ad da WhatsApp ya kammala kulle dukkan saƙonninsa tun daga wayar mai aikawa har zuwa ta mai karɓa. Manomi a Durun, cikin ƙaramar hukumar Kabo, in ya tura wa ɗansa da ke Legas saƙon murya, wayarsa ce ke kulle shi, wayar ɗan ce kaɗai ke buɗewa. Kamfanin layi dako kawai yake yi, bai san abin da ke cikin buhun ba.

A nan ne dokar Najeriya ta yi tuntuɓe. A 2019 hukumar NCC, ƙarƙashin Farfesa Umar Garba Ɗanbatta, ta fitar da ƙa'idojin sauraron sadarwa bisa doka. Sun wajabta wa kamfanoni miƙa makullin saƙon da aka kulle, sun kuma yarda jami'an tsaro su saurara ba da izinin alƙali ba in akwai gaggawa, muddin sun nemi izinin cikin sa'o'i 48. To amma makullin WhatsApp ba ya wajen MTN ko Airtel. An umarci mutum ya ba da abin da bai taɓa riƙewa ba.

Sai gwamnati ta bi ta bayan gida. A Disambar 2020 aka tilasta haɗa kowane layi da lambar NIN, zamanin ministan sadarwa Isa Ali Pantami. A ƙarin kasafin 2021 aka ware wa hukumar leƙen asiri ta NIA kimanin naira biliyan 4.8 don bibiyar WhatsApp da wayar Thuraya. A watan Satumbar shekarar aka katse sadarwa a Zamfara da ƙananan hukumomi 13 na Katsina. Da karanta saƙo ya gagara, sai aka hana aika shi, har da na mai neman agaji.

Ba a raina hujjar hukuma ba. Duk wanda ke zaune kan hanyar Gwarzo zuwa Dayi ya san da waya ake cinikin kuɗin fansa. Sai dai galibin wannan ciniki da kiran waya na yau da kullum ake yin sa, wanda ba shi da irin kullen WhatsApp, kuma hasumiyar sadarwa na nuna yankin da ya fito. A ganina, gazawar da aka yi a nan ta bibiya ce da kai ɗauki, ba ta rashin makulli ba. Makullin da aka sara wa gwamnati kuwa, ba ya tantance ɗan fashin daji da ɗan jarida ko ɗan adawa.

Wa ke duba masu sauraron? Ƙa'idojin 2019 sun ce hukumomin tsaro su riƙa kai rahoton aikinsu kowace shekara ga Antoni Janar na Tarayya, wanda shi kansa ministan gwamnatin da ke sauraron ne.