Yankin Zirga-zirgar Bai-ɗaya na Birtaniya da Ireland

Yankin Zirga-zirgar Bai-ɗaya tsari ne da ya ba 'yan Birtaniya da 'yan Jamhuriyar Ireland damar shiga ƙasar juna, su zauna, su nemi abinci, ba biza ba takardar izinin zama. Tsibiran Man da Jersey da Guernsey ma suna ciki.

Tushensa rabuwa ce. A 1922 yawancin tsibirin Ireland ya ɓalle daga mulkin Landan, arewacinsa ya tsaya. Amma jama'a sun riga sun cakuɗe ta auratayya da ci-rani, don haka a 1923 hukumomin biyu suka fahimci juna cewa ba za a tsare matafiyi a tambaye shi fasfo ba. Yaƙin Duniya na Biyu ya katse tsarin, sai a 1952 ya dawo sosai. Kafin nan, a 1949, da Ireland ta zama jamhuriya ta bar ƙungiyar ƙasashe renon Ingila, majalisar Birtaniya ta yi wata doka mai hangen nesa: a idon shari'arta, Ireland ba ƙasar waje ba ce, mutanenta kuma ba baƙi ba ne.

Da ƙasashen suka shiga ƙungiyar tattalin arzikin Turai tare a 1973, dokokin Turai suka lulluɓe tsohon tsarin har aka kusa mantawa da shi. Ƙuri'ar 2016, wadda ta fitar da Birtaniya daga Tarayyar Turai, ita ta tayar da hankali. Iyakar da ta ratsa tsibirin Ireland ta kai kusan kilomita 500, da mashigai fiye da 200, kuma dubban mutane na kwana a gefe ɗaya su yi aiki a ɗayan. Ga kuma yarjejeniyar sulhu ta 1998, wadda ta bai wa mutanen Ireland ta Arewa zaɓin zama 'yan Ireland, ko 'yan Birtaniya, ko duka biyun, bayan shekaru kusan 30 ana zubar da jini.

Ranar 8 ga Mayu, 2019, gwamnatocin biyu suka rattaba hannu kan takardar fahimtar juna da ta tabbatar da haƙƙin zama, aiki, karatu, jinya, tallafin gwamnati da zaɓen 'yan majalisa. Birtaniya ta fice daga Tarayyar Turai ranar 31 ga Janairu, 2020. Bafaranshen da ke Manchester sai da ya nemi izinin ci gaba da zama. Ɗan Ireland bai cika takarda ko ɗaya ba.

Sai dai akwai giɓin da ya kamata a damu da shi. Takardar 2019 ba yarjejeniya ba ce da kotu za ta tilasta, ƙarfinta na ga dokokin cikin gida da kowace majalisa ke iya sauyawa. Kuma 'yan ƙasa kaɗai ta rufa wa asiri: likita ɗan Najeriya da ke zaune a Dublin bisa ƙa'ida, sai da bizar Birtaniya zai je Belfast da ke Ireland ta Arewa, tafiyar awa biyu a mota, a hanyar da babu shinge ko ɗaya.