Biyofidbak: yadda na'urar awo ke koya wa mutum sarrafa jikinsa

Biyofidbak hanya ce ta jinya da ake koya wa mutum sarrafa wasu ayyukan jikinsa da ke gudana ba da saninsa ba, kamar bugun zuciya, numfashi, ɗaurewar tsoka da ɗumin fata. Ana manna masa ƴan wayoyi a goshi, ko yatsa, ko ƙirji, na'ura ta auna abin da ke faruwa, ta nuna masa nan take a allon kwamfuta ko ta hanyar ƙara. Ba allura, ba ƙwaya. Na'urar kamar madubi take: nunawa kawai take yi, gyaran na mai jikin ne.

Yadda ake yi

Idan damuwa ta kama mutum, ko ta bashi ce, ko ta damina da ta yi gardama rumbu ya kusa ƙarewa, zuciya kan ƙara sauri, tsokar wuya da ta goshi su ɗaure, yatsu su yi sanyi, tafin hannu ya yi zufa. In abin ya daɗe, sai ciwon kai da rashin barci su biyo baya. A wurin horo, mai ciwon kai zai ji ƙarar na'ura tana hawa duk lokacin da goshinsa ya ɗaure. Jami'in lafiya zai sa shi ya sassauta numfashi, ya saki kafaɗu, har ƙarar ta sauka. Zama ɗaya kan ɗauki minti 30 zuwa awa guda. Bayan an maimaita sau da dama, mutum kan iya yi ko babu na'ura.

Asalinta

A 1948 wani likitan mata a Amurka, Arnold Kegel, ya yi amfani da ma'aunin da ke nuna wa mace ƙarfin matsewar tsokar ƙasan mararta. A shekarun 1960 masana irin su Neal Miller da John Basmajian suka zurfafa bincike a kan yadda ake horar da jiki. A 1969 aka kafa ƙungiyar masana fannin a jihar Kaliforniya, sunan kuma ya bazu daga nan.

Inda take taimakawa

Bincike ya fi nuna amfaninta ga ciwon kai na ɗaurewar tsoka, da ciwon ɓarin kai, da ɗigar fitsari saboda raunin tsoka bayan haihuwa, da wani nau'in taurin bayan gida da rashin sakin tsoka ke haddasawa. Ana kuma amfani da ita wajen rage fargaba da ciwon baya mai daɗewa. Ga hawan jini, wanda aka fi sani da tansiyo, tasirinta kaɗan ne, kuma ba ta maye gurbin magani.

Abin da za a iya yi a gida

Na'urorin na da tsada, kuma sai da ƙwararre. Amma tushen abin, wato aunawa, gyarawa, a sake aunawa, yana hannun kowa. Babban mutum a zaune yakan yi numfashi 12 zuwa 20 a minti, zuciyarsa ta buga 60 zuwa 100. A zauna a inuwa, a ɗora yatsu biyu a wuyan hannu, a ƙirga bugun na minti ɗaya da agogon salula. Sannan a riƙa jan numfashi ta hanci na daƙiƙa 4, a sake shi a hankali na daƙiƙa 6, har tsawon minti 10, a sake ƙirgawa. Wanda ya ji jiri sai ya dakata.

Mai tansiyo kuwa ya riƙa zuwa awo a cibiyar lafiya ta CSI mafi kusa, ko a Matankari yake, ko Gesheme, ko Kore Mai Ruwa, ana rubuta masa sakamakon a katinsa. Awon da ya kai 14 bisa 9 ko ya wuce, a ranaku biyu daban-daban, shi ne hawan jini a ma'aunin hukumar lafiya ta duniya OMS.

Gargaɗi

Ba kowane ciwon kai ne na damuwa ba. In ya zo da zazzaɓi, ana iya samun zazzaɓin cizon sauro. In da sanƙarewar wuya da amai, musamman a lokacin rani, a yi zargin sanƙarau, cutar da ta yi ɓarna a yankin Dogon Dutsi a 2015. A garzaya asibitin gunduma ba tare da jinkiri ba. Haka ma idan baki ya karkace ko ɓarin jiki ya mutu.

Mata kuma su bambanta ɗigar fitsari lokacin tari ko ɗaukar tulu da yoyon fitsari mai zuba dare da rana bayan doguwar naƙuda. Na farko horon tsoka na iya gyara shi. Na biyu sai tiyata, wadda ake yi a cibiyar ƙasa ta masu yoyon fitsari a Yamai da asibitin Danja kusa da Maraɗi.

Kada wanda likita ya ɗora a kan magani ya daina sha don ya ji sauƙi bayan horon numfashi. Rage magani ko barinsa shawara ce ta likita.