Ina Baƙo Yake Kwana a Ƙasar Birnin Gwari? Daga Zango Zuwa Otal

Yau gida za mu, ƙasar Birnin Gwari. Tambayar da na kawo 'yar ƙarama ce: idan dare ya yi wa baƙo a ƙasar nan ta duwatsu da daji, a ina yake kwana, kuma wa yake tsaya masa? Ni mutumin Kutemeshi ne, can gabashin Birnin Gwari wajen Kuyello, kuma a ganina wanda ya bi amsar tambayar nan cikin shekara 200 da suka wuce zai gane abin da ya same mu fiye da wanda ya haddace jerin sunayen sarakuna.

To, mu fara da wani Baturen Birtaniya, Hugh Clapperton. Ya taso daga Badagiri a bakin teku a ƙarshen 1825, shi da yaronsa Richard Lander. Suka bi ta Tsohuwar Oyo, suka wuce Kaiama da Busa, suka ƙetare Kwara, suka ratsa kasuwar Kulfo, suka iso Birnin Gwari da daminar 1826. Daga nan sai Zariya, sai Kano a watan Yuli. Birnin da ya gani shi ne wanda yau muke kira Tsohuwar Birnin Gwari, gari mai ganuwa, wani ɓangarensa a kan tudu, wani a kwari. Abin lura a nan shi ne, Baturen nan bai share wa kansa hanya ba. Sawun jakunan fatake ya bi. Tun a Kaiama ya ci karo da ayarin Hausawa da ya taso daga Gwanja, wanda ya ƙiyasta mutanensa sun kai kamar 1,000.

Wato ɗaya daga cikin rassan hanyar goro ta ƙasarmu ya bi. Fatake, irin su Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari, sukan ɗauko kanwa da baƙin rini na Kano da fatu, su nufi Salaga a ƙasar Gwanja, wadda yau take cikin Gana, su komo da goro. Tafiya ce ta watanni, wani lokaci mutum ya kusa shekara bai ga iyalinsa ba. To, wannan taron jama'a da dabbobi, ina za su kwana?

Masauki na farko shi ne zango. Fili ne a bayan ganuwa, kusa da ruwa. Ayari ya iso, a sauke kaya, a ɗaure jakuna, a kafa bukkokin ciyawa. Madugu ya shiga gari ya kai gaisuwa wurin sarki, ya biya kuɗin hanya. Kafin la'asar sakaliya matan gari sun fito da fura da tuwo da itace da harawa. Kun ga ke nan ayari ɗaya kasuwa ce sukutum ta sauka a ƙofar gari. Har tafiyar yini guda ma zango ake ce mata, kuma kalmar tana nan a bakinmu: ɗan makaranta ya ce zangon karatu na farko, ba tare da ya san daga bakin fatake ya gaje ta ba. A Kumasi da Akara kuwa, unguwannin da Hausawa suka sauka har gobe Zango ake kiran su.

Masauki na biyu, wanda shi ne zuciyar zancenmu yau, gidan fatoma. Fatoma mutumin gari ne mai babban gida, wanda sana'arsa saukar da 'yan kasuwa. Yana ba ka ɗaki, matansa su ba ka abinci, ya ajiye maka kayanka. Ya nemo maka mai saye, ya yi maka tafinta idan ba ka jin harshen mutanen wurin, ya gaya maka wa ake ba bashi, wa ba a ba. Ba ya cewa ka biya kuɗin ɗaki. La'adarsa tana cikin cinikin da ka yi. Amma babban aikinsa shi ne tsayawa: idan baƙo ya yi ɓarna, fatomansa za a kira, idan an cuci baƙo, fatoma ne zai je gaban sarki ya yi magana. Baƙo ya samu uba a garin da ba shi da kowa, gari kuma ya samu wanda zai riƙe idan wani abu ya faru. Irin tsarin nan ne Hausawa suka kai har Sabo ta Ibadan, inda masu gida suke saukar da masu shanu da masu goro.

Na uku shi ne na talaka: zaure da masallaci. Almajiri, ɗan koli, mai niyyar Makka a ƙasa, duk wanda magariba ta riska, sai ya nufi ƙofar liman ko ta mai unguwa. A shimfiɗa masa tabarma, yara su fito da akushi daga gidaje biyu uku. Musulunci ya ba baƙo haƙƙin kwana uku, Bahaushe kuma ya ce baƙonka Annabinka. Mu da muka tashi a Kutemeshi mun tarar da wannan da idonmu. Daren kasuwa da wuya ka leƙa zauren dattijo ba ka ga takalman baƙi a bakin ƙofa ba.

Kada fa ku ɗauka zamanin nan na kwanciyar hankali ne zalla. Ku tambayi kanku, me ya sa kakanni suka bar fili mai daɗin noma suka maƙale a jikin duwatsu? Tsoro ne. Umaru Nagwamatse, ɗan Sarkin Musulmi Abubakar Atiku, ya kafa Kwantagora wajen 1864, kuma daga zamaninsa zuwa na ɗansa Ibrahim, hare-haren kamun bayi sun addabi ƙasashen Gwari da Kamuku. A irin wannan lokaci, baƙon da ya yi sallama da magariba yana iya zama ɗan leƙen asirin mahara. Mutanen da sun san da haka sarai. Duk da haka ba su toshe hanya ba, domin gishiri da kanwa da tufafi ta hanyar suke zuwa. Sai suka yi dabara: taron da ba a sani ba ya kwana a zango bayan ganuwa, a rufe ƙofa, wanda zai kwana cikin gari kuwa, sai da ɗan gari da ya ce nawa ne. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Sai Turawa. Sun ci Kwantagora a 1901, suka kafa hedikwata a Zungeru a 1902, kafin daga baya su koma Kaduna. Su ma suna buƙatar wurin kwana idan sun fito rangadi, sai suka sa aka gina musu bariki a manyan garuruwan kan hanya: ɗaki mai jinka a wajen gari, galibi a kan tudu inda iska take. Talakawa ne suka gina da aikin tilas. Aka naɗa sarkin bariki mai share wuri, kuma in Bature zai iso, dagaci ya tara ƙwai da kaji da itace da ruwa da 'yan dako. A karo na farko ke nan aka samu masaukin da baƙo ba ya ƙarƙashin kowa a gari, garin ne ma yake ƙarƙashinsa. Ku duba yadda kalmar ta juya a bakin Bahaushe. Yau in an ce wane ɗan bariki ne, ko wance tana zaman bariki, ana nufin mai zaman kansa inda babu idon dangi. Harshe bai manta ba.

Abin da ya kashe ayari kuwa jirgin ƙasa ne. Dogo ya isa Kano a 1911, ya bi ta Minna da Kaduna, ya bar Birnin Gwari a gefe. Goron da ake wata da watanni ana jan sa a bayan jaki, sai ga shi yana zuwa daga Ikko cikin 'yan kwanaki. Zanguna suka koma gonaki. A shekarun 1930 haƙar zinariya ta jawo wasu irin baƙi, leburori masu kwana a sansanin aiki. Amma abin da ya sake raya ƙasar shi ne titin mota na Kaduna zuwa Ikko, wanda ya bi ta Buruku da Udawa da Birnin Gwari da Tegina da Mokwa da Jebba. Har garin kansa ya bi titi: sarauta da kasuwa suka dawo sabon mazauni, tsohon birni ya zama Tsohuwa. Direban babbar mota ya gaji madugu, tasha ta gaji zango, mai shayi da mai tuwo da mai faci suka gaji matan da suke kai fura bayan ganuwa.

A nan ne ƙananan otal da gidajen saukar baƙi suka shigo. Gaskiya da farko ba su da suna mai kyau. Mutumin kirki yana jin nauyin a ce an gan shi yana fitowa daga otal, don an ɗauka wurin giya ne da matan bariki. Sannu a hankali ma'aikata da 'yan kwangila da masu sayen hatsi suka saba da su, balle bayan dajin Kamuku, wanda aka keɓe tun 1936, ya zama gandun daji na ƙasa a 1999, masu son ganin Dogon Ruwa da Goron Dutse suka fara leƙowa.

Ni kaina na taɓa kwana a ɗaya daga cikinsu, kafin abubuwa su lalace, ranar da na taso daga Kaduna a makare na rasa motar gida. Ɗakuna ne a jere suna kallon tsakar gida, kowanne da gado da bokiti da buta da darduma. Janareto ya yi ta kuka zuwa sha biyu, aka kashe, sai kukan gyare. Dattijon da yake kula da wurin ya miƙo mini littafi na rubuta suna, na biya. Har na juya sai ya ce, "Malam, ɗan gidan wa ne kai a Kutemeshi?" Na faɗa masa. Ya ce, "To, madalla, kwana lafiya." Da asuba shi ya buga mini ƙofa, shi ya gaya mini direban da ba ya gudu. Littafin na hukuma ne, tambayar kuwa ta fatoma ce. Ashe bai mutu ba, riga ya sake.

Sauran labarin kun san shi, wasunku ma a jikinsu. Oktoban 2012 aka kashe masallata a Dogon Dawa. Mayun 2018 aka afka wa Gwaska. Fabrairun 2021 aka shigo mana Kutemeshi, muka binne 'yan uwa. Allah ya jiƙansu da rahama. A shekarar ce kuma gwamnatin Kaduna ta dakatar da kasuwannin mako, ta hana hawa babur, aka katse layukan waya. Titin da ya ciyar da mu ya zama sai da rakiyar sojoji. Wata sabuwar kalma ta shigo bakin mutane: infoma. Daga ranar da ta shigo, zaure ya samu kwaɗo. Mai sallama da magariba ya zama abin tuhuma, kuma wallahi ban ga laifin wanda ya rufe ƙofarsa ba.

Sai kuma abin ya juyo. Mu masu saukar da baƙi, mu muka zama baƙi. Mutanenmu suka watsu cikin garin Birnin Gwari da Funtuwa da Zariya da Kaduna, da tabarma a ka da goyo a baya. Wa ya sauke su? Mai gudun rai ba shi da kuɗin otal. Zauren wani ne ya ɗauke su, da ɗakin wata gwaggo, da ajin makarantar firamare, da wani abokin ciniki da ya tuna ya taɓa cin tuwo a gidansu ranar kasuwa. Tuwon da kakanni suka fitar a akushi, jikoki ne suka ci ladansa.

A Nuwamban 2024 Gwamna Uba Sani ya zo Birnin Gwari aka yi zaman sulhu, aka sake buɗe kasuwar kara bayan shekaru tana rufe, manyan motoci suka fara dawowa. Kowa da ra'ayinsa a kan sulhun nan, kuma ba shi ne zancenmu na yau ba. Abin da na sani shi ne, kasuwa ba ta ci sai da baƙo, baƙo kuma ba ya zuwa inda ba zai kwana da ido biyu a rufe ba. In muka ce kowane baƙo infoma ne, mun kashe kasuwarmu da hannunmu. In muka ce a bar kowa ya shige ya fice ba tambaya, mun san abin da ya biyo baya.

Shi ya sa na ce ku riƙe dabarar mutanen da. Su ma sun zauna da tsoro, amma sun raba tsakanin baƙon da ba a sani ba da baƙon da ba a so. Shawarata ga masu unguwanni da dagatai da shugabannin kasuwa da masu gidajen baƙi ita ce a dawo da tsayawa. Duk mai kwana a gari ya zama akwai ɗan gari da ya san shi, mai unguwa kuma ya san da zamansa. Kuma ƙa'idar ta hau kan kowa daidai: Bahaushe mai sayen masara, Bayarabe direba, Bafulatanin da ya koro shanunsa kara. Ranar da aka ce wannan ƙabila ce kaɗai za a tambaya, ranar an bar tsaro an koma gaba. Wanda kuma aka tsaya masa, to haƙƙinsa ne a kare shi kamar ɗan gida.

Kafin mu rabu, ga aiki na ba ku. Ku samu dattijo mafi shekaru a garinku, ku tambaye shi ina ne zangon garin nan yake a da, kuma gidan wa fatake suke sauka. Ku rubuta abin da ya faɗa tun yana da rai, ku aiko mana. Da yawa daga wuraren nan yau gonar wani ce, ko filin ƙwallo, kuma in masu sani suka tafi, shi ke nan.

Allah ya zaunar da ƙasarmu lafiya, ya mai da kowa ɗakinsa. Sai mun haɗu a shiri na gaba. Wassalamu alaikum.