Kujerar da Ba Ta Jiran Kowa

Injiniyan da ya ƙirƙiro kujerar da ke kai masu wasan zamiya kan dusar ƙanƙara zuwa ƙololuwar dutse bai taɓa yin wasan ba. Sunansa James Curran, ma'aikacin kamfanin jirgin ƙasa na Union Pacific a birnin Omaha na Amurka. A shekarar 1936 shugaban kamfanin, Averell Harriman, yana gina wurin shaƙatawa na Sun Valley a jihar Idaho, domin jiragensa su samu fasinjoji a lokacin hunturu. Attajiran da yake hari kuwa ba za su lamunci hawan dutse da ƙafa ba, balle riƙon igiyar da ke jan mutum a tsaye, wadda ake yayi a lokacin.

Curran ya san wata na'ura mai ƙugiyoyi da ake loda ayaba da ita a jiragen ruwa. Sai ya ce a cire ƙugiya a rataya kujera. Ɗaga mutum sama bai zama matsala ba. Matsalar ita ce igiyar ƙarfen ba ta tsayawa, kuma mutum ba nonon ayaba ba ne: yana da gwiwa, yana da tsoro, ga dogayen katakai ɗaure a ƙafafunsa. Don haka a filin jiragen Omaha aka rataya kujera a gefen mota, aka riƙa kwasar wani mai takalma masu taya, ana ƙara gudu ana ragewa, har aka samu saurin da kujera za ta ɗauki mutum ba tare da ta rafke shi ba. A watan Disamba na 1936 kujerun farko suka fara aiki a kan duwatsun Proctor da Dollar.

A ganina, duk tarihin da ya biyo baya kokawa ce da waɗannan daƙiƙu na hawa da sauka. Kujerar da ke maƙale da igiyarta dindindin galibi ba ta wuce mita biyu da rabi a daƙiƙa, domin da saurin da take tafiya da shi take ɗaukar mutum. A 1981 kamfanin Doppelmayr na Ostiriya ya kafa a Breckenridge, jihar Colorado, kujera mai cin mutum huɗu wadda ke sakin igiya idan ta shigo tasha, ta yi tafiyar hawainiya, sannan ta sake kamawa ta ruga da kimanin mita biyar a daƙiƙa.

Amma tsofaffin na nan birjik, kuma sau da yawa su ne a gangaren 'yan koyo. Ɗalibinmu da karatu ya kai Turai, ko wanda ya leƙa Oukaïmeden a tsaunukan Atlas na Maroko, darasin Omaha zai maimaita. Ya gaya wa ma'aikacin tasha cewa yau ya fara, domin yana iya rage gudu. Ya zare madaurin sandunan daga wuyan hannu, ya haɗa su a hannu ɗaya, ya tsaya daidai kan layin da aka shata, ya waiwaya. Da kujera ta taɓa bayan gwiwa sai ya zauna, ya jingina sosai, a sauko da ƙarfen kariya bayan an sanar da na kusa.

Sauka ta fi kayar da mutane, kuma gaggawa ce ke jawowa. Dab da isowa a ɗage ƙarfen, a ɗaga kawunan katakan kada su soki dusar ƙanƙara. Ba a miƙewa sai sun kwanta a wurin da aka tanada. Daga nan a ɗan karkata gaba, a bar kujera ta tura, a zame a ba na baya wuri. Wanda ya faɗi ya sunkuyar da kai, ya ja jiki gefe. Wanda kuma ya makara bai sauka ba, kada ya yi tsalle. Ya zauna abinsa: akwai shingen da ƙafarsa za ta taɓa, injin ya tsaya, ma'aikaci ya zo ya sauke shi.