Kabewar Hotoro da ƙudan da ta baro a Meziko

A bayan wani gida a Hotoro na ga kabewa ta yi yaɗo har ta haye katanga, ganye kore shar, fure rawaya ko'ina, amma duk ɗan da ta ɗauka sai ya kai girman ƙwai ya yi rawaya ya faɗi. Mai gidan ya ƙara taki, ya ƙara ruwa, ya zargi mai sayar da iri. Bai zargi tarihi ba, alhali nan matsalar take.

Kabewar da muke miyar taushe da ita baƙuwa ce. An fara noma danginta a Meziko kimanin shekara 10,000 da suka wuce, kamar yadda irin da aka tono a kogon Guilá Naquitz na jihar Oaxaca ya nuna. Sai bayan 1492 ta ƙetare teku, kamar masara da rogo da gyaɗa da barkono. A can gida tana da ƙudanta na musamman, wanda ke haƙa rami a ƙasa, yake fita tun duku-duku, kuma da ƙurar furenta yake ciyar da 'ya'yansa. Iri ya shiga jirgin ruwa, ƙudan bai shiga ba. Duma, wanda shi ne ɗan gida a Afirka, bai san wannan maraici ba: farin furensa da dare yake buɗewa, ƙwarin dare suna yi masa hidima.

Wannan rashi yana da nauyi, domin kabewa fure biyu take yi a jiki ɗaya. Namiji yana kan siririn sanda, shi ke fara fitowa. Mace kuwa tana da 'yar ƙaramar kabewa a gindinta. Ƙurar tana da nauyi da danƙo, iska ba ta ɗaukarta, kuma furen safiya ɗaya yake yi, kafin azahar ya rufe ke nan. A ƙasar Hausa ƙudan zuma ne ya gaji aikin, a zamanin da ake rataye amya a kan ɗorawa da tsamiya a bakin gona. Hotoro ta yau kuwa bulo ce da kwalta da daɓen siminti, ga feshin sauro kusan kowane gida. Wanda ya fesa wa lambunsa magani da safe, lokacin da fure ke buɗe, ya kori ma'aikacinsa da kansa.

Abin da ya rage aikin hannu ne. Bayan sallar asuba, da gari ya waye, a tsinko fure namiji, a cire rawayan ganyensa, a goga tsinken tsakiyarsa a tsakiyar furen mace ta kowane ɓangare. Namiji ɗaya yana isar mace biyu ko uku. Mai gidan na Hotoro ya gwada. Cikin kwana huɗu ɗan kabewar ya fara kumbura maimakon ya yanƙwane.